Gasar awaki a Doha da abin da shekarar takunkumi ta tona

Kowace shekara, kafin zafi ya kama, masu kiwo a Ƙatar sukan hallara a Katara da ke birnin Doha domin bikin Halal Qatar. Akan kawo tumaki da awaki, a yi gwanjo, alƙalai kuma su zaɓi dabbar da ta fi kyau. Kai ake dubawa, da wuya, da kunne, da tsayuwa. Masu shiga gasar da yawa suna da ƴan gonakin kiwo ne na iyali a bayan gari, waɗanda suka gada da sha'awar dabba tun daga kakanni makiyaya. Biki ne mai daraja, amma ma'auninsa yana da giɓi, domin akuyar madara ba a fuska ake gane ta ba, a hantsa ake gane ta.

Shekarar 2017 ce ta tona wannan giɓi. Ranar 5 ga Yuni, ana tsakiyar azumi, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Baharen da Masar suka yanke hulɗa da Ƙatar, aka rufe Abu Samra, iyakar ƙasa ɗaya tilo da take da ita. Ta nan mafi yawan madarar da ake sha a Doha take shigowa. Sai da Turkiyya da Iran suka yi ta aiko da kaya, kamfanin Baladna kuma ya fara jigilar shanun Holstein a jirgin sama zuwa gonarsa da ke kusa da Al Khor. Wannan labarin ya zaga duniya. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na ƙaramin mai kiwo. Ruwan saman da Ƙatar take samu a shekara bai kai milimita 100 ba, saboda haka sha'ir da dusa da busasshiyar ciyawa yawancinsu daga waje suke. Ranar da hanya ta toshe, mai awaki talatin dole ya zauna ya yi lissafin wacce ke biyan abincinta, wacce kuma ado ce kawai. Kambun gasa ba ya amsa masa wannan tambaya.

Akuyar Sham, wadda ake ji da ita a irin waɗannan gasa a ƙasashen Larabawa, ita ce babbar shaida. Asalinta akuyar tatsa ce. A tsibirin Saifurus an shafe shekaru ana zaɓen irinta bisa yawan madara da yawan haihuwa, har ta zama ginshiƙin masu yin cukun halumi. A wasu filayen gasa kuwa, abin da ake yabo shi ne ƙundumemen kai da lanƙwasasshen hanci, har a kai ga muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama. Dabbar da haƙoranta ba su haɗuwa daidai tana wahala wajen kiwo. Kuma duk abin da alƙali ya ba wa kyauta bana, shi masu kiwo za su nema wajen bunsurun barbara baɗi, don haka kuskuren ma'auni yakan bi jini ya shiga garke.

Wani zai ce ai shanu ne suka fitar da Ƙatar kunya, ba awaki ba. Gaskiya ne, kafin shekara biyu ƙasar ta wadatu da ɗanyar madara, kuma babu garken awakin da zai shayar da birni kamar Doha. Sai dai saniyar Holstein ba ta rayuwa a zafin da ke haura digiri 45 sai da na'urar sanyaya rumfa da abincin da aka yi odarsa daga nesa. Akuya tana jure zafi da ƙarancin ruwa, kuma a hannun iyalai da yawa take, ba a rumfar kamfani ɗaya ba. Wani kuma zai ce gasar kyau al'ada ce, ita ke riƙe matasa a harkar kiwo, ita ke ɗaga farashi a gwanjo. Wannan ma haka ne, kuma ba a ce a rushe ta ba. A Amurka, ƙungiyar masu awakin madara tana ba hantsa maki 35 cikin 100 a gasa, ana kuma ajiye rijistar madarar da akuya ta bayar, gasar ba ta rasa jama'a ba.

Mu ma batun ya shafe mu. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna ne da fatarta, amma abin da ya sa mata ke riƙe ta a gida shi ne yawan tagwaye da nonon da take ba yara, kuma tun 1963 akwai cibiyar kula da irinta a Maraɗi. Abin da Katara ke buƙata bai fi ƙarfinta ba: a ware rukunin awakin tatsa, a tatsa a gaban alƙalai a auna, a nemi mai akuya ya kawo rijistar haihuwa da madararta ta shekara guda, sannan a sa wa wannan rukuni kyautar da ta kai ta masu kyan kai.