Kwanakin jira bayan allura: daga ina aka samo lissafinsu?

Ƴan'uwa makiyaya da masu turkar raguna, idan likitan bisashe ya yi wa dabbarku allura, yakan ce kar a yanka ta, kar a sha nononta, sai an cika kwana kaza. Da yawa cikinku na cewa: dabbar ta warke, tana cin ciyawarta, jiran mi kuma? To, kwanakin nan auna su aka yi, kuma ga yadda ake yi.

In saniyarku ta shiga garken wani, da shaidar da ke jikinta kuke gane ta. Masu bincike ma haka suke yi wa magani. Tun wajen haɗa shi, sai su sa masa wani ɗan sinadari mai fitar da tururin da ido ba ya gani, amma na'ura tana jin sa. Biyu aka fi amfani da su: karbon 14, wanda aka gano a Amurka a 1940, da tiritiyom. Maganin bai sake ba, aikinsa na nan yadda yake, shaida kawai ya samu.

Sai a ba bisashen gwaji wannan magani. Kullum ana tara fitsarinsu da kashinsu da nononsu, ana aunawa. Ana yanka wasu bayan ƴan kwanaki, wasu bayan makonni, a auna hanta, ƙoda, kitse, tsoka da wurin da allura ta shiga. Ko jiki ya narka maganin ya koma wani abu dabam, shaidar na biye da shi, ba wurin ɓuya. Ranar da saura ya sauka ƙasa da abin da zai cuci mutum, daga nan ake yanke kwanakin da kuke gani a takardar kwalba.

Ku ɗauki ibermektin, da kuka sani da suna Ivomec, maganin tsutsar ciki da ƙazwa, wanda ya fito kasuwa a 1981. Da aka bi sawunsa da tiritiyom, sai aka tarar a hanta da kitse ya fi daɗewa. Hanta kuwa ita ake fara gasawa ranar layya, yara ake miƙa wa! Mafi yawansa ta kashi yake fita, har yana kashe buzuzun da ke binne taki a gona. Yana bin nono kuma, shi ya sa ba a yi wa saniyar da ake tatsa don sha.

Kar hankalinku ya tashi, maganin da ake saidawa ba shi da wannan shaida, a ɗakin bincike ta tsaya. Sai dai lissafin an yi shi ne a kan awon da aka rubuta, daidai da nauyin dabba. Wanda ya ninka awo don rago ya yi saurin ƙiba, ko ya sayi kwalba maras takarda a tebur ɗin kasuwa, kwanakin nan ba su shafe shi ba, don ba wanda ya auna abin da ya zuba. Haka maganin feshi: kwanakin da ke jikin gwangwaninsa da irin wannan awo ake samo su, ku lura da su kafin ku ba bisashe harawa.

Ranar allura, ku sa likita ya faɗa muku kwanakin da baki, ku ƙulla igiya a wuyan dabbar. In Tabaski ta yi kusa, ku lissafa tukuna kafin a tsira wa rago allura.