Faifan Garmaho da Yadda Ya Juya Kunnen Jama'a

Kafin wutar lantarki ta san hanyar Karkarna ko Roni ko Gwiwa, garmaho ya riga ya shiga ƙauyukan ƙasar Kazaure, domin shi ba ya bukatar waya ko batir, illa dai hannun da zai wana shi, da allurar ƙarfe wadda ake sakewa in ta dakushe, da faifan da wani ɗan kasuwa ya sayo a Kano lokacin da kuɗin gyaɗa ya shigo hannu. Faifan nan baƙi ne, mai nauyi, an yi shi da wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya, yana juyi sau 78 a minti guda, kuma in ya kuɓuce ya faɗi sai ya tarwatse kamar kasko. Mai shi kan goge shi da ƙyalle mai laushi, ya mayar cikin takardarsa mai hoton kare zaune gaban ƙaho, alamar kamfanin His Master's Voice, sa'an nan ya gargaɗi yara kada kowa ya taɓa.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, wanda kuma a ganina shi ne asalin al'amarin duka, shi ne kowace fuska ta wannan faifai ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗan wani abu. Makaɗin fada kuwa, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, ya saba ya tsaya gaban ubangidansa ya jero nasaba tun daga kakanni, ya yi zambo ga abokan hamayya, 'yan amshi suna karɓa, ba wanda ke duba agogo, saboda mai sauraro guda ɗaya ake nufi, kuma shi ne mai ba da doki da riga. Da faifai ya zo, sai mai biya ya zama wani mutum wanda mawaƙi bai taɓa gani ba, watau direba da tela da mai shayi da ɗan ƙwadago, kowa da 'yan sulallansa; lalle ne kuwa waƙar da za ta fitar da sulallan nan daga aljihu ta kasance gajera, mai amshin da ke kama kunne tun jin farko, tana kuma magana a kan rayuwar shi mai sayen.

Irin wannan juyi ne ya auku a Amurka, ko da yake nasu ya fi namu sauri da hayaniya. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fitar da ƙaramin faifan roba mai juyi 45, mara nauyi, mai araha, waƙa ɗaya a kowace fuska, sai ya dace daidai da lokacin da samari da 'yan matan ƙasar suka fara samun kuɗin kashewa na kansu. A 1954 wani saurayi mai tuƙa motar kaya, Elvis Presley, ya ɗauki faifansa na farko na sayarwa a kamfanin Sun da ke Memphis, yana gauraya kiɗan baƙaƙen fata da na turawan karkara. A shekarar da ta biyo, waƙar Bill Haley mai suna Rock Around the Clock ta mamaye ƙasar. Limaman coci suka yi ta wa'azi a kan wannan kiɗa, suna ganinsa fitina ce mai ɓata tarbiyya, har a 1957 wani shirin talabijin ya nuna Elvis daga ƙugu zuwa sama kaɗai, don kada a ga rawarsa. Amma shekarun ba su yi yawa ba kunne ya sake juyawa: Little Richard ya bar kiɗan ya koma ga addini a 1957, aka ɗauki Elvis soja a 1958, Buddy Holly ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959, kamfanoni kuwa suka koma ga mawaƙa masu taushin murya waɗanda iyaye ba su jin tsoronsu.

A ƙasarmu ta Hausa, waɗanda suka fahimci hikimar faifai su ne suka gāji zamanin. Mamman Shata, ɗan Musawa, da kalangunsa, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da mai sana'a, bai zauna a fada guda ba, ko da yake zumuncinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya kai ga a Daura aka binne Shata a 1999, nan kusa da Kazaure. Ɗanmaraya Jos kuwa, shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba maroƙi ba 'yan amshi, ya yi suna da waƙar karen mota, alhali a dā babu makaɗin da zai ga yaron mota ya cancanci baiti. Ni dai ina ganin babu muryar da ta dace da faifai kamar tasa, domin maganarsa taƙaitacciya ce, kuma balagarta tana cikin taƙaitawar. Ga kuma kukuma, wadda Ibrahim Na Habu ya yayata, Garba Supa da Hassan Wayam suka ɗaukaka, kiɗan samari ne na rawa, wanda malamai suka lissafa cikin lahawu, dattawa kuma suka danganta shi da yawon dare. Yau kuwa jikokin dattawan nan, in sun ji kukuma a rediyo, sai su ce kiɗan gargajiya ne mai natsuwa, su juya su zargi fiyanon finafinai da abin da aka zargi kukuma da shi.

Kaset ne ya kawo ƙarshen daular faifai. Kamfanin Philips ya ƙago shi a 1963, amma bai cika gari ba sai tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da kuɗin Udoji, watau ƙarin albashin ma'aikata, ya sa rediyo mai kaset ya shiga gidaje, daga birni ya gangara kasuwannin Babura da Kazaure. Kaset ba ya fashewa, yana ɗaukar sa'a guda ko fiye, kuma kowa na iya kwafa wa ɗan'uwansa. Ta haka waƙa ta sake samun tsawonta na dā, amma kamfanonin Ikko irin su EMI da Decca suka rasa cinikin da ya sa suke neman mawaƙa. Faya-fayan da suka saura cikin adakar tsofaffi, zafin bazara yana lanƙwasa na roba, ƙura tana cinye layukan na ƙaro, kuma akwai waƙoƙi da yawa na wancan zamani waɗanda ba a taɓa juya su zuwa kaset ba, sai a kan faifan kaɗai suke.