Tarihin Mutanen Wales: Gaskiya da Ƙanzon Kurege

Tarihin mutanen Wales, daga lokacin da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ci ƙasarsu da yaƙi a 1283 zuwa ƙarshen ƙarni na 16, ya cakuɗe da labaran da aka yi ta maimaitawa har suka zauna daram.

Ana yawan cewa Edward ya yi wa manyan Wales alkawarin naɗa musu yarima haifaffen ƙasarsu wanda bai iya Turanci ko kalma ɗaya ba, sai ya fito musu da jaririnsa. Gaskiya ne an haifi yaron a Caernarfon a 1284, amma ba a naɗa shi Yariman Wales ba sai a 1301, kuma labarin jaririn bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 16.

Tawayen da Owain Glyndŵr ya yi wa Ingila kuwa ya faru. Ya ɗaga tuta a 1400, ya kira majalisa a Machynlleth a 1404, ya ƙulla ƙawance da Faransa. Ƙarfinsa ya karye bayan an ƙwace ganuwar Harlech a 1409, amma ba a taɓa kama shi ba.

Babban kuskure shi ne cewa Sarki Henry na Takwas na Ingila ya haramta harshen Wales. Dokokinsa na 1536 da 1543, waɗanda suka haɗe Wales da Ingila, sun wajabta yin shari'a da Turanci, sun kuma hana muƙamin gwamnati ga wanda bai iya shi ba. Wannan ba ƙaramar cuta ba ce, domin manomi kan tsaya gaban alƙali bai san abin da ake faɗa a kansa ba sai da tafinta. Duk da haka dokokin ba su shafi gida ko kasuwa ba. Hasali ma majalisar Ingila ce ta ba da umarni a 1563 a fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen. William Salesbury ya fitar da Sabon Alkawari a 1567, William Morgan ya kammala littafin gaba ɗaya a 1588, kuma fassararsa ce ta zama ma'aunin rubutaccen harshen.

Batun Yarima Madoc na Wales, wai ya isa Amurka a 1170, ba shi da hujja. An yayata shi ne a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya don Ingila ta ja da Sifaniya kan mallakar Amurka. Wani mai suna John Evans ya bi sawun labarin har wurin ƙabilar Mandan ta Amurka a 1796, bai sami mai jin harshen Wales ko ɗaya ba.