Daga Bakin Kogin Bunga Zuwa Gimi: Labarin Ƙasa da Tarihin Wata Majami'ar Karkara

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a nuna yadda yanayin ƙasa ya yi tasiri a kan kafuwar wata ƙaramar jama'ar Kirista ta Hausawa, da kuma rushewarta. Ko da yake a ƙasar Zazzau aka gina majami'ar, saiwar labarin tana kudancin tsohuwar ƙasar Kano da duwatsun da ke makwabtaka da ita.

Basirka gari ne a ƙaramar hukumar Gwaram, wadda tare da Birnin Kudu ta faɗa cikin Jihar Jigawa lokacin da aka cire ta daga Jihar Kano a 1991. Babban ruwan wannan yanki shi ne Kogin Bunga, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya gangaro arewa maso gabas, inda ake kiransa Kogin Jama'are, kafin ya haɗu da Kogin Haɗeja. Ƙasa ce ta fadama da jigawa, ga kuma duwatsu jefi-jefi, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu masu zane-zanen mutanen da. Idan aka nausa kudu sai a tarar da duwatsun Ningi. Waɗannan duwatsu su ne mafakar duk wanda ya saɓa da fadar Kano a ƙarni na 19. Can Malam Hamza na Tsakuwa ya gudu da jama'arsa wajen 1846, bayan sun yi gardama a kan haraji, daga can kuma Ningawa suka riƙa kai hari ƙasar Kano shekara da shekaru.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, wani malami mai suna Ibrahim ya shiga wa'azi yana fifita matsayin Annabi Isa bisa ga yadda ya fahimci ayoyin Alƙur'ani. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu, wasu suka nufi wajen Ningi. A nan ya kamata a lura da wani abu da marubutan mishan suka cika tsallakewa: Isawan farko ba su san wani Bature ba. Gardamarsu ta malaman Musulunci ce, da littafin Musulunci aka yi ta. Saboda haka, a ganina, kiran su Kirista tun daga wancan zamani kuskure ne.

Haɗuwarsu da mishan sai a 1913, lokacin da wasu daga cikinsu suka iske Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S., wanda ke zaune cikin birnin Zariya tun 1905. Da aka yi wa wasunsu baftisma, sai aka ga ya fi kyau a tara su wuri guda. Aka samu fili a Gimi, aka kafa ƙauye mai majami'a da makaranta, aka sa wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiya, W. A. Thompson, ya kula da su.

To, a nan ne labarin ƙasa ya yi hukuncinsa. Manomi in zai zaɓi mazauni, ruwa da ƙasa mai albarka yake dubawa. Amma kurmin bakin rafi, mai inuwa da laima, shi ne gidan ƙudan tsando mai ɗauke da ciwon barci. Ƙudan ba ya nisa da ruwa, musamman da rani, kuma daidai mashaya da wurin wanki da mahayi yake jiran mutane. Ƙaramin ƙauye ya fi shiga haɗari, domin mutanensa ba su da yawan da za su sare kurmin su mayar da shi gona, kullum kuma su ɗin ne dai ƙudan yake cizo. Cikin 'yan shekaru cutar ta kashe da yawa daga mutanen Gimi, sauran suka tashi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta soma shirin Anchau, inda aka sassare kurmin rafuka, aka tattara ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Wato maganin ya zo bayan Gimi ta riga ta watse.

A 1929 mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, gindin dutse, aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da laka bisa tsarin ginin Hausa, tare da asibiti da makaranta. Zuriyar Isawa na cikin waɗanda suka yi karatu a nan. Daga cikinsu akwai Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.