MAI FARANTA RAN JAMA'A, WA KE DUBA NASA RAN?

Ran 9 ga watan Janairu na shekara ta 2022, mawaƙin nan na ƙasar Beljik da ake kira Stromae ya baƙunci labarun ƙarfe takwas na dare na tashar telebijin ta TF1 a Faransa. Da aka tambaye shi ko waƙa ta taimake shi ya rabu da kaɗaici, sai ya ba da amsa da sabuwar waƙarsa mai suna L'enfer, wadda a cikinta ya faɗi cewa tunanin kashe kansa ya sha zo masa. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dokta Tedros, ya yi masa godiya a kan wannan ƙarfin hali.

Ciwon ya daɗe. A shekara ta 2015 Stromae yana zagayen ƙasashen Afirka sai jiki ya ƙi, aka ɗage wasannin da zai yi a Kinshasa da Kigali. Daga baya ya bayyana cewa maganin rigakafin masassarar cizon sauro mai suna Lariam ne ya jawo masa firgita da gane-gane, a kan gajiyar da ta riga ta taru, kuma ba don ɗan'uwansa yana kusa ba da ya hallaka kansa. (Wannan ba dalili ba ne na gudun maganin masassara. Wanda magani ya juya masa kai, likita zai komawa a canza masa wani.) A watan Mayu na 2023 ma ya soke sauran wasanninsa domin ya yi jinya.

Idan mai suna da dukiya irin wannan ya durƙushe, ina ga wanda abincin gidansa ke rataye da bikin gobe? A Ingila an bi diddigin wannan tambaya. Ƙungiyar Help Musicians, wadda ke agaza wa makaɗa da mawaƙa tun 1921, ta sa malaman Jami'ar Westminster suka yi bincike a 2016. Mutum fiye da 2,200 masu wannan sana'a suka ba da amsa. Kashi 71 bisa ɗari suka ce sun sha fama da fargaba da firgita, kusan kashi 69 kuma da ciwon damuwa. Abin lura shi ne ba kiɗan suka ɗora wa laifi ba. Kiɗa, in ji su, magani ne. Abin da ke cinye su shi ne yanayin aikin: kuɗin da ba a san ranar shigarsu ba, aikin dare, tafiye-tafiye nesa da iyali, da sūkar jama'a wadda ba ta ƙarewa. A ƙarshen 2017 ƙungiyar ta buɗe layin tarho mai suna Music Minds Matter, inda mai sana'ar zai kira dare ko rana ya sami mai sauraronsa.

Wanda ya san zaman maroƙa da makaɗa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba zai ji baƙon abu cikin wannan lissafi ba. Lokacin kaka biki ya yi yawa, a kwana ana kiɗa, a wayi gari a kan hanya. Da damina ta faɗi sai ganga ta koma rataye. Murya ta dushe, an kawo yaro sabon jini, shi ke nan an manta da mutum. Ga shi kuma sana'ar ta hana shi ɓata fuska, don ba a gayyatar mai baƙin ciki wurin ɗaurin aure. Wasu sai su nemi ƙarfi a ƙwaya don su kai asuba a tsaye, ciwo ya zama biyu.

Mafi nauyi shi ne kunya. Kalmar taɓin hankali kaɗai ta isa ta kori masu gayyata, shi ya sa ake ɓoyewa har sai abu ya gagara, sannan a ɗauki mutum zuwa Pavillon E na babban asibitin Yamai. Alhali rashin barci na makonni, da ƙin abinci, da guje wa abokan kiɗa, alamu ne da likita zai iya tarar su tun da wuri.

Darasin Ingila ba na kuɗi ba ne kurum. Sun kai taimako inda masu sana'ar suke, ta hannun ƙungiyarsu, ba su jira su zo asibiti ba. Nijar tana da wuraren da makaɗa ke taruwa. Akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, akwai gidajen al'adu na jihohi, akwai kuma ofishin BNDA mai karɓar haƙƙin masu fasaha. Biyan mawaƙi haƙƙinsa a kan kari, shi kansa rigakafi ne. Bayan wannan, ba zai gagari ma'aikatar al'adu da ta kiwon lafiya ba su shirya a riƙa tura malamin asibiti ɗaya da ya san ciwon ƙwaƙwalwa zuwa waɗannan wurare, ko da rana guda ce a wata, a ba shi ɗaki mai ƙofa inda za a gana da shi ba tare da sauran ƴan ƙungiya suna kallo ba.