Abin da ke Ɗaure wa Likita Hannu Wajen Duba Ƙwaƙwalwar Yara

Babba in ya je asibiti yakan buɗe baki ya ce barci ya ƙaurace masa, ko ransa a dagule yake. Ɗan shekara takwas bai iya wannan ba. Sai dai ya riƙa kukan ciwon ciki ko ciwon kai, ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi makaranta. Ga kunya, don an raine shi a kan kada ya ɗaga ido gaban manya. Kuma babu gwajin jinin da ke nuna damuwa. Jarin likita shi ne labarin da aka ba shi.

To a nan gizo ke saƙa. Sau da yawa wanda ya kawo yaron ba shi ke wuni da shi ba. Kawu ne ko uba, uwar da ta san lokacin da abin ya fara tana gida. In likita ya tambaya ko akwai mai irin wannan larura a dangi, sai a ce babu, don gudun kada 'yan matan gidan su rasa manema. Dukan da yaro ke sha, mutuwar auren iyaye, fyaɗe, shan sholisho ko tiramol, duk akan rufe. Ba a ma zuwa sai an gama zagayen masu magani da sunan iska ko sammu, an shekara ana cewa taurin kai ne. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Jinkirin ne ke cutarwa.

Asibitin ma yana da tasa matsalar. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, ƙwararru a fannin yara kuwa ƙalilan. Daga ƙauye zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko Dawanau a Kano tafiya ce mai cin kuɗi, ga layi, alhali yaro ba ya sakin jiki a zama ɗaya. Dole kuma likita ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce, ba ciwon kunne ba, ba tabon sanƙarau ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14. Don haka in za a je, uwa ko mai riƙon yaron ta bi, a tafi da bayanin malaminsa da duk maganin da aka ba shi, har na gargajiya. In likita ya nemi ganawa da yaron shi kaɗai, a ba su wuri.