Dalilan da ke sa kampanonin asirans ƙin biyan diyyar rufin gida a Amurka

Ran 28 ga watan Satumba na shekarar 2022, wata mahaukaciyar guguwa da aka laƙaba wa suna Iyan ta faɗa wa jihar Fulorida, a kudu maso gabashin Amurka. Ta kware rufin dubban gidaje. Masu gidajen sun daɗe suna zuba kuɗin asirans, wato inshora, sabili da irin wannan rana. Amma da suka kai kukansu, da yawa daga cikinsu ba su samu ko sisi ba, wasu kuma aka ba su kuɗin faci alhali sabon rufi suke bukata. Dalilan wannan ƙi suna rubuce cikin takardar yarjejeniya, kuma saninsu zai amfani duk mai niyyar sa hannu bisa irinta.

Tsufa ba hatsari ba ne

Asirans na gida alkawari ne tsakanin mutum da kampani. Mutum yana biyan kuɗi kowace shekara, kampani kuma yana ɗaukar nauyin ɓarnar da ta auku farat ɗaya, kamar gobara, iska mai ƙarfi, ƙanƙara ko faɗuwar itace. Abin da rana da ruwa suka ci sannu a hankali ba ya ciki. Yawancin gidajen Amurka ana rufe su da ƙananan fallayen kwalta da aka barbaɗa wa tsakuwa, ana jera su bisa katako. Irin wannan rufi yakan yi shekara 15 zuwa 30, kuma zafin ranar Fulorida yana gajarta masa kwana.

Idan mai gida ya kai kuka, kampani yakan aiko masani ya hau ya duba. In ya tarar fallayen sun bushe sun tsattsage, ƙusoshi sun yi tsatsa, katako ya ruɓe da tsohon yoyo, sai ya rubuta cewa rufin ya riga ya mutu kafin iska ta zo. Wannan yana cikin dalilan da aka fi bayarwa. Hakanan rashin kulawa: kamar yadda mai soron ƙasa yake yin yaɓe yana share indararo kafin damina, haka kampani yake jiran mai gida ya toshe ƙaramin yoyo tun bai zama babba ba. Aikin magini maras kyau da ɓarnar gara su ma ba a biyansu. A yau kampanoni suna ajiye hotunan rufin gidaje da aka ɗauka daga sama, su fito da su ranar gardama don nuna yadda rufin yake kafin guguwa.

Lissafin da ke cinye diyya

Wani lokaci kampani yana yarda da ɓarnar, amma lissafi ya cinye kuɗin. Cikin kowace yarjejeniya akwai kason da mai gida zai ɗauka da kansa kafin kampani ya fara biya. Bayan guguwar Andiru ta watan Agusta na 1992, wadda ta jawo wa kampanoni hasarar dalar Amurka sama da miliyar 15 har wasunsu suka karye, an koma lissafa wannan kaso bisa darajar gida. A Fulorida yakan zama kashi 2, ko 5, ko 10 cikin 100.

Ban da wannan akwai ragin tsufa. Wata yarjejeniya tana biyan kuɗin sabon rufi, wata kuma darajar tsohon rufin kawai take biya. Ga misali: gidan da aka yi wa asirans na dalar Amurka 300.000, kason mai shi na kashi 2 cikin 100 ya kama 6.000. A ce sabon rufi zai ci 20.000, an ƙiyasta masa shekara 20, ya kuwa riga ya yi 15. Mai yarjejeniya ta farko zai karɓi 14.000. Mai ta biyu za a ce saura 5.000 darajar rufinsa, tun da kuwa kasonsa ya ɗara haka, zai koma gida hannu rabbana. Yarjejeniya ta biyu ta fi araha, shi ya sa mutane suke ɗaukarta ba tare da sun auna abin da ke biye ba. Araha ba ta ado.

Abin da takarda ta ware

Akwai masifun da takarda ta cire tun farko. Babbarsu ita ce ambaliya. Asirans na gida a Amurka yana biyan ruwan saman da ya shiga ta inda iska ta kware rufi, amma ba ya biyan ruwan da ya taso daga ƙasa ko daga teku. Wannan sai da wata takarda daban, yawanci ta hanyar tsarin da gwamnatin tarayya ta kafa a 1968. A jihohin da ƙanƙara take yawa, kamar Tekzas da Okalahoma, wasu takardu suna cewa in ƙanƙara ta lotsa tol amma ruwa bai shiga ba, muni ne kawai, babu diyya.

Jinkiri shi ma yana kashe haƙƙi. Tun watan Disamba na 2022, dokar Fulorida ta ba mai gida shekara 1 ya sanar da ɓarna, a maimakon shekara 2. Wanda ya bar rufi buɗe bayan iska bai shimfiɗa tampol ba, ɓarnar da ta ƙaru tana wuyansa. Wanda kuma ya rage shekarun rufinsa da gangan lokacin cika takarda, ana iya soke yarjejeniyar baki ɗaya.

Faci ko sabon rufi

Gardama mafi zafi ita ce tsakanin faci da sabunta rufi duka. A da, dokar gini ta Fulorida ta ce in gyara ya wuce kashi 25 cikin 100 na rufi cikin wata 12, sai an sake shi ɗungum. Wasu ƴan kwangila suka mai da wannan sana'a. Suna bi gida gida suna alkawarin sabon rufi kyauta, mai gida ya sa musu hannu su karɓi diyya a madadinsa, in kampani ya ƙi su kai shi gaban shari'a. Hukumar da ke sa ido bisa asirans a jihar ta bayyana cewa a 2019 Fulorida tana da kashi 8 cikin 100 na neman diyyar gidaje a Amurka, amma kashi 76 cikin 100 na ƙararrakin da aka kai kampanoni. A 2022 kampanoni 6 suka karye a jihar.

Majalisar jihar ta sake dokoki a wannan shekara. Rufin da aka yi bisa ƙa'idar gini ta 2007 ko ta bayanta, ana iya gyara inda ya lalace kawai. An hana miƙa wa ɗan kwangila haƙƙin diyya cikin sababbin takardu daga 1 ga Janairu 2023. An kuma soke dokar da ke tilasta wa kampani biyan lauyan mai gida in ya ci shari'a. A ɗaya gefen, an wajabta wa kampani ya biya ko ya ƙi cikin kwana 60, aka kuma hana shi korar mutum don tsufan rufi kawai in rufin bai kai shekara 15 ba. Masu suka suna cewa an toshe ƙofar zamba, amma talaka mai gaskiya ya ƙara jin tsoron shiga shari'a da babban kampani.

Wanda aka hana diyya yana da sauran hanyoyi. Yana iya neman a rubuta masa dalili tare da ayar da aka dogara da ita, ya ɗauko nasa masani ya sake dubawa, ya nemi sulhu ta hannun ma'aikatar kuɗi ta jiha, daga ƙarshe ya kai ƙara.

Abin lura ga mutanen Nijar

Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu bisa yarjejeniyar asirans ta CIMA a Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, kuma dokarta tana da irin waɗannan sharuɗɗa. Alkawarin kampani ba ya fara aiki sai an biya kuɗin asirans. Wa'adin sanar da ɓarna gajere ne, yana iya tsayawa ga kwana 5 na aiki. Ƙaryar ganganci tana rushe yarjejeniya. Saboda haka ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke son yi wa gida ko kanti asirans, ya tambaya ko iska da ruwan damina suna ciki, nawa ne kasonsa, kuma ko za a cire ragin tsufa. Ya adana takardun sayen tol da na biyan magini, ya ɗauki hoton rufinsa kafin hadarin farko. Tun ran gini, ran zane.